Gorar duma da gorar roba

Gidan Sori gari ne na ƙasar Gobir, cikin gundumar Gidan Runji, a jihar Maradi. Mutanensa manoma ne, suna kuma kiwo. Ran kasuwa gari yakan cika tun da hantsi. Ga masu hatsi da tiyoyinsu, ga mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga ƴan mata masu tallar zoɓo da lamurje da kunun aya. In rana ta take, ƙishirwa ta kama mutane, sai ciniki ya koma wajen masu abin sha.

Da marece, bayan kasuwa ta watse, sai fili ya nuna abin da aka bar masa. Akwai kashin dabbobi, akwai ɓawon gyaɗa da na rake. Waɗannan ba su daɗewa. Awaki su ci wasu, gara ta ci wasu, sauran kuma ruwan damina ya ruɓar da su. Amma akwai abin da gara ba ta ci, ruwa kuma ba ya ruɓarwa. Su ne leda da gorar roba. Haka abin yake a Gidan Sori, haka yake a kasuwannin Agiye da Gazawa, balle a birnin Maradi.

Sunan abin ma yana da ban mamaki. Asalin gora ɗan duma ne, wanda ake shukawa a gona. Asalin roba kuwa danƙo ne da ake tatsa daga jikin wani icce na ƙasashen kurmi. Sunayen nan biyu duk na tsiro ne. Amma gorar roba ba ta taɓa tsirowa a gonar kowa ba.

Daga ina take fitowa?

Gorar roba ɗiyar man fetur ce. Ɗanyen mai yana kwance can ƙarƙashin ƙasa. A Nijar ana haƙo shi a Agadem, cikin jihar Difa. Tun shekarar 2011 ana tace wani sashe nasa a matatar SORAZ, kusa da Damagaram, a fitar da fetur da gazuwal da iskar gas ta girki. A wasu manyan matatu na duniya aikin ba ya tsayawa nan. Ana ware wasu sinadarai daga man, a haɗa su, a dafa, har su zama ƴan ƙwayoyi kamar tsabar shinkafa. Waɗannan ƙwayoyi su ne ake narkarwa a yi roba.

Roba iri-iri ce. Wadda ake yin gorar ruwa da ta lemo da ita ana kiranta PET. Wanda ya juya gindin gora zai ga ɗan zane mai kusurwa uku, da lamba 1 a tsakiyarsa. Alamarta ke nan. Jarka da bidon suna da lamba 2. An gano PET a Ingila a shekarar 1941, kuma da farko zaren tufafi aka riƙa yi da ita. A 1973 wani injiniya na Amurka mai suna Nathaniel Wyeth, ma'aikacin kamfanin DuPont, ya sami takardar mallakar dabarar yin gora da ita. A masana'anta ana fara yin ɗan bututu kamar babban yatsa. A gasa shi ya yi taushi, a sa shi cikin mazubi, a hura masa iska mai ƙarfi. Nan take sai ya kumbura ya zama gora.

Ba a banza mutane suka so ta ba. Kwalba tana da nauyi, tana kuma fashewa ta yanki mutum. Gorar roba ta lita ɗaya da rabi nauyinta wajen giram 30 ne kawai. In ta faɗi ba ta fashewa. Marfinta yana rufuwa gam, ko an kwantar da ita cikin jaka ruwa ba ya zuba. Ga ta kuma da araha.

Arahar nan ce ta kawo yawa. A 1950 robar da duniya duka ta ƙera ton miliyan 2 ce. A 2019 ta kai ton miliyan 460. A 2017 an lissafa cewa ana sayar da gorar roba miliyan ɗaya a kowane minti. Cikin awa guda miliyan 60 ke nan, wato fiye da ninki biyu na yawan mutanen Nijar. Daga cikin kashi 100 na sharar roba, kashi 9 kaɗai ake sake narkarwa a yi wani abu da shi. Saura ana binnewa, ko a ƙone, ko a bar shi a fili.

Tafiyar gora guda

A Turai mutum yakan shanye ruwa ya jefar da gora, shi ke nan aikinta ya ƙare. A ƙasar Hausa a nan aikinta yake farawa.

Ga misali. An sha ruwan gora a wurin wani biki a Maradi, aka yar. Wani yaro ya tsince ta, ya tara da wasu cikin buhu, ya kai kasuwa. Wata mata ta saya ta ɗauraye, ta zuba zoɓo, ɗiyarta ta ɗauka talla. Wanda ya sayi zoɓon ya tafi da gorar ƙauye. Matarsa ta zuba man gyaɗa. Da man ya ƙare, ɗansu ya riƙa zuwa da ita gona da ruwan sha. Daga baya maigida ya auno fetur na babur a ciki, ko maganin ƙwarin wake. Ran da ta huje sai a wurga ta juji.

Wannan tattali ne, kuma ba abin rainawa ba ne. Gorar da ta yi aiki goma ta fi wadda ta yi aiki ɗaya. Sai dai a cikin wannan doguwar tafiya ne haɗarin yake ɓoye, don gora ba ta faɗin inda ta kwana jiya.

Abin da take jawo wa lafiya

Haɗari na farko, wanda ya fi kusa da kowa, shi ne ƙazanta. Mai tsintar gora ba ya zaɓen wuri. Yana ɗauka a juji, yana ɗauka a lambatu, yana ɗauka a bayan asibiti. Bakin gora ƙarami ne, hannu ba ya shiga. Cikinta kuma yana da lunguna da ƙarce-ƙarce inda ƙwayoyin cuta suke maƙalewa. Ɗauraya da ruwa zalla ba ta fitar da su. In aka wanke gora hamsin cikin ruwan bokiti guda, to an raba dattin gora ɗaya ga sauran ne. Zoɓo da kunu suna da sukari, ƙwayoyin cuta kuwa suna son sukari da ɗumi. Ta haka zawo da zazzaɓin taifot da kwalara suke iya bin abin sha su shiga ciki. Jihar Maradi ta san kwalara. A daminar 2018 annobarta ta ɓarke a gundumar Madarumfa, ta kuma dawo jihar a 2021. Cutar tana bin ruwa da abinci da hannu marasa tsabta, kuma gorar da ba a wanke da kyau ba tana cikin hanyoyin da za ta iya bi. Wanki na gaskiya sai da sabulu, da ɗan buroshi ko tsakuwa mai tsabta a girgiza, a ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa jabel, sa'an nan a kife ta ta bushe.

Na biyu shi ne guba. Ƙaramin yaro bai iya karatu ba. Abin da ya sani shi ne gorar lemo zaƙi ke cikinta. In aka zuba kananzir ko fetur ko jabel ko fiya-fiya a irin wannan gora, aka ajiye a gindin gado, yaro zai ɗauka ya kafa kai. Kananzir da ruwa kamarsu ɗaya a ido. Idan haka ta faru, ba a sa wa yaron yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Aman fetur ko kananzir yana iya komawa cikin huhu, ɓarnar ta fi ta farko. Ba a tsayawa ɗura masa nono ko manja. Ana ɗaukarsa maza a kai shi likita, a tafi da gorar don ma'aikacin lafiya ya ga abin da ya sha. Gorar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari kuwa ta gama da abinci har abada. Roba tana shan maganin, sabulu ba ya fitar da shi duka.

Na uku zafi ne. Ba a yi PET don abu mai zafi ba. In zafi ya kai wajen digiri 70 sai ta fara laushi. Duk wanda ya taɓa zuba tafasasshen kunu ko shayi a ciki ya ga yadda take lanƙwashewa. Wajen haɗa ta ana amfani da wani ƙarfe mai suna antimoni, kuma ɗan kaɗan nasa yana saura a jikin gora. A wuri mai sanyi abin da yake narkewa cikin ruwa bai taka kara ya karya ba. Amma yawan zafi da daɗewa suna ƙara shi. A watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin mota rufaffiya ko shagon kwano kuwa ya fi haka nesa. Shi ya sa ba a son a jibge ruwan gora a rana mako da makonni. Akwai kuma wani sinadari, BPA, wanda yake rikita aikin wasu ruwayen jiki masu kula da girma da haihuwa. Ba a jikin PET yake ba, yana cikin wata roba mai tauri wadda takan zo da lamba 7. Faransa ta hana sa shi cikin duk wani mazubin abinci tun 2015.

Akwai haɗari na huɗu wanda ido ba ya gani. Roba ba ta ruɓewa, marmashewa take yi. Rana ta busar da ita, iska da yashi su goge ta, ta zama gutsattsari, gutsattsarin su zama ƙura. Masana suna ƙiyasin cewa gora guda tana iya kai shekara 450 kafin ta ɓace. A 2018 wasu masu bincike a Amurka sun auna ruwan gora 259 da aka sayo daga ƙasashe 9. Sun sami ɓurɓushin roba cikin 93 bisa 100 na gorunan. A 2022, a ƙasar Holan, an auna jinin mutum 22, aka sami ɓurɓushin a jinin 17. A 2024 masanan jami'ar Kolombiya ta birnin Niyok suka yi amfani da na'ura mai ganin abin da ya fi haka ƙanƙanta, suka ƙirga wajen 240,000 cikin lita guda. Likitoci suna nan suna binciken irin illar da wannan ƙura take yi wa jiki. Abin da ya tabbata shi ne ta shiga, kuma ba abinci ba ce.

Sai hayaƙi. Da damina, in icce ya jiƙe, wasu sukan kunna leda ko guntun gora su hura wuta da shi. Wuta tana kamawa da sauri, gaskiya ne. Amma mai girki da goyon da ke bayanta su ne suke shaƙar baƙin hayaƙin. Yana sa tari da ciwon ido, yana tayar wa mai fuka ciwonsa. Ƙona juji ya fi muni, don a cikinsa akwai roba mai lamba 3, irin ta bututun ruwa da rigar wayar lantarki. Ita in ta ƙone tana fitar da wata guba mai suna diyoksin, wadda take cikin masu haddasa ciwon daji. Gubar tana sauka a ƙasa da toka, kaji su yi kiwo a wurin, ta koma cikin ƙwai.

Gona da garke da gulbi

Manomi ya san darajar juji. Kafin damina yakan kwashe shi da amalanke ya kai gona taki. A da duk abin da ke cikin juji abincin ƙasa ne. Yanzu sai an tsaya an tsince leda da marafe da fasassun goruna. Abin da ya kuɓuce yana shiga ƙasa, ya tare ruwa, ya tare saiwar gero, hauya kuma ta yi ta tono shi shekara da shekaru.

Dabbobi ma suna shan wahala. Jar akuyar Maradi sananniya ce har ƙasashen waje saboda kyan fatarta da yawan haihuwarta. Da rani, in ciyawa ta ƙare, akuya ba ta zaɓe. Tana cin ledar da ta ji ƙanshin mai ko gishiri, har da takardar robar da ake naɗe gora da ita. Waɗannan ba su narkewa. Suna dunƙulewa cikin tumbi su cika shi. Akuya ta riƙa ramewa alhali cikinta a kumbure, nono ya ragu, wani lokaci ta mutu. Mahauta sun fi kowa sanin wannan, don su suke buɗe tumbin. A gidaje da yawa akuya ita ce asusun mace, da ita ake sayen magani da littafin yaro.

A birni goruna da leda suna toshe lambatu. Ruwa ya rasa hanya, ya kwanta, sauro ya yi ƙwai. In aka yi ruwa mai yawa sai ya bi gidaje. A daminar 2024 jihar Maradi tana cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna. Yawan ruwan sama ne babban dalili, amma lambatun da shara ta cika ba ya taimakon kowa.

Gorar da ruwa ya ɗauka ba ta tambayar iyakar ƙasa. Gulbin Maradi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ta Madarumfa. Ya wuce Maradi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ruwan Rima yana bi ta Sakkwato ya faɗa kogin Kwara, Kwara kuma ta kai shi teku.

Doka

Ran 5 ga watan Nuwamba na 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63. Ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da ajiyar leda marar kauri. Dokar ba ta shafi gora ba, ledar ma har yau tana nan a kowace kasuwa. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma can an tsananta. A 2022 ƙasashe 175 suka taru a Nairobi suka amince za su rubuta yarjejeniya guda a kan sharar roba. An yi ta zama. A taron Janeba na watan Agustan 2025 aka tashi ba a daidaita ba, don ƙasashe masu arzikin mai ba su yarda a rage yawan robar da ake ƙerawa ba.

Robar da ake yi da tsiro

Tun da man fetur ne tushen matsalar, sai masana suka koma neman roba a gona. A 2009 kamfanin Coca-Cola ya fito da wata gora mai suna PlantBottle, wadda har kashi 30 bisa 100 nata daga rake aka samo shi. Ta rage shan man fetur. Amma in an gama haɗa ta, PET ce sak, kuma ba ta ruɓewa, daidai da ƴar'uwarta. Jin an ce abu daga tsiro yake bai isa a ce ƙasa za ta cinye shi ba.

Akwai wata kuma mai suna PLA. Ana yin ta da sitacin masara ko rogo, ko da sukarin rake. Ana barin sukarin ya yi tsami, kusan yadda madara take zama nono, sa'an nan a haɗa ruwan tsamin ya zama roba. Ita tana ruɓewa, amma da sharaɗi. Sai an kai ta wata masana'antar takin zamani inda ake riƙe zafi wajen digiri 60 da laima na tsawon makonni. In an yar da ita a fili ko cikin gulbi tana iya shekaru. Ga shi kuma ba ta jure zafi, tana laushi tun kafin PET ta yi. A Ingila wasu sun yi ɗan ƙunshin ruwa da ciyawar teku, wanda ake haɗiyewa da ruwan gaba ɗaya. An raba wa masu gudun famfalaƙi na birnin Landan a 2019.

Waɗannan dabaru suna da kyau, amma akwai tambayar da manomin Gidan Sori zai fara yi. Masara abinci ce, rogo abinci ne. A ƙasar da rumbu yakan ƙare tun kafin sabon gero ya nuna, wa zai ɗauki hatsi ya yi gorar da za a yar bayan an sha ruwa sau ɗaya? Ko karan gero ba shara ba ne a nan. Da shi ake danga, shi dabbobi suke ci da rani, shi yake rufe gona kada iska ta kwashe ƙasa.

Duma

Gorar tsiro ba sabon abu ba ce a ƙasar Hausa. Duma yana cikin tsirran da ɗan Adam ya fara shukawa, wajen shekara 10,000 da suka wuce. Ana shuka shi da faɗuwar damina, a gefen gona ko a gindin danga. Ba ya ƙwace wa gero wuri. Yana yaɗo, ya hau rumbu ko rufin bukka, ya yi farar fure mai buɗewa da marece. Bayan kaka, in igiyarsa ta bushe, sai a tsinke ƴaƴan a ajiye su ƙara bushewa.

Kowane iri da siffarsa, kowace siffa da aikinta. Mai faɗi a raba shi biyu a sami ƙwarya. Ƙaraminsa ƙoƙo, babbansa masaki. Mai dogon wuya a tsaga shi ya zama ludayi. Wanda aka huda bakinsa kawai shi ne gora, ko buta, ko gyandama. Da gora mata suke kaɗa nono su fitar da man shanu. Da zunguru amarya take ƙunshi, da shantu ƴan mata suke kiɗa, cikin kurtu almajiri yake zuba tawada. Masuntan Argungu kuwa kan babbar gora suke kwanciya su bi ruwa.

Gyaran gora yana son haƙuri. Cikin duma yana da ɗaci, ɗacin nan kuma yana ɓata ciki. Sai an yanke baki, an zuba ruwa an bar shi kwanaki ya jiƙa. A ƙwaƙule ƴaƴa da ɓargo, a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa, a zubar, a sake, har ruwan ya daina ɗaci. Daga nan Hausawa suka sami karin maganar da ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya. In ƙwarya ta tsage ba a yar da ita, ana kai wa gyartai ya ɗinke. Ran da ta mutu sarai, sakainarta ta yi aikin kwasar shara ko ta zama abin wasan yara, daga ƙarshe gara ta mai da ita ƙasa.

Kaba ma haka take. Kwarin Gulbin Kaba, wanda ya bi ta ƙasar Gazawa da Mayayi, daga gare ta ya sami sunansa. Kaba ganyen goriba ce. Da ita ake saƙa tabarma da faifai da sanho da igiya, da ragar da ake rataye gora a kafaɗa. Sanho guda yana zuwa kasuwa sau ɗari, ya hana leda ɗari shiga gida. Amma ita ma tana son a tausaya mata. In ana yanke ta tun tana ƙarama kowace shekara, ba za ta taɓa tashi ta zama goriba ba.

To, mi ya sa mutane suka bar gorar duma? Don tana da nata aibi. Tana fashewa in ta faɗi. Ba ta da marfi mai murɗawa, sai toshiyar totuwa ko tsumma. Ba a ganin abin da ke cikinta, kuma in ba a shanya ta ba tana yin fumfuna da wari. Ita ma tana ɗaukar ƙwayoyin cuta in aka yi sakaci da wanki. Mai tallar zoɓon dala goma ba za ta iya ba kowane mai saye gorar duma ya tafi da ita ba. Sai dai mai fura ta daɗe da warware wannan. Tana damawa a ƙwarya, a sha a mayar mata, ko mai saye ya zo da kwanonsa daga gida. Wanda ya zo wajen mai zoɓo da gorarsa, ta duma ce ko ta ƙarfe, ya san inda ta kwana. A gida kuma tulu da randa sun fi jarka. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, busarwar nan ita take janye zafi ta bar ruwan ciki da sanyi.

Gorar roba mai tsabta ma tana da wani aiki na kirki. Inda babu famfo, babu kuma iccen tafasa ruwa, ana tace ruwan rijiya ya yi garau, a cika farar gora mai lamba 1 wadda ba ta wuce lita 2 ba. A rufe, a kwantar da ita kan kwanon rufi cikin rana awa 6. In akwai hadari sosai, kwana 2. Hasken rana yana kashe yawancin ƙwayoyin da ke kawo zawo. Masana a ƙasar Suwis sun auna irin wannan ruwa, sun ga abin da roba take saki cikin ƴan awoyin nan bai kai na cutarwa ba. Ana shan ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu, gorar kuma in ta dushe ko ta ƙarce sai a canza ta. A garin Yalwa, kusa da Kaduna, an yi wata dabarar a 2011: aka cika dubban goruna da yashi, aka jera su kamar tubali da laka, aka gina ɗaki.

Gwaji a lambun makaranta

A watan Yuni, kafin babban hutu, ƴan aji su haƙa rami huɗu, zurfin kowane taƙi ɗaya. A na farko a sa sakaina, a na biyu guntun tabarmar kaba, a na uku takarda, a na huɗu gorar roba. A rufe da ƙasa, a kafa tsinke mai suna a kan kowane rami. A rubuta ranar cikin littafin aji. A watan Oktoba, in an dawo, a tone a zana abin da aka tarar.

Gwaji na biyu na yini ɗaya ne. Da safe a ɗebo ruwa daga rijiya guda, a zuba a tulu, da gorar duma, da gorar roba. A ajiye su a inuwa ɗaya. Da azahar a auna zafin kowane da ma'aunin zafi, a rubuta a allo.

Tambayoyi

1. Da mi ake yin gorar roba? Wace lamba ce a gindinta?
2. Mi ya sa ba a sa yaron da ya sha kananzir ya yi amai?
3. Wane bambanci ne tsakanin ruɓewa da marmashewa?
4. Idan aji yana da ɗalibi 45, kowane yana yar da gora 2 a mako, gora nawa aka yar cikin mako 30?
5. Waɗanne abubuwa ake yi da duma a garin da makaranta take? A tambayi tsofaffi sunayensu, a rubuta su da Hausa da Faransanci.